Mota Ta Yi Hatsari: A Gyara Ta Ko A Nemi Wata?

Darasinmu na yau a kan mota ne, irin ƙaramar motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira bashe, wadda mutanen Najeriya ke ce ma a-kori-kura. Ko kana da ita, ko ba ka da ita, darasin nan ya shafe ka. Ita ke kwasar albasa daga fadamar Tarka zuwa Tunfafi da Galmi. Ita ke kawo taki da iri. Ita ke kai maras lafiya likita cikin dare. A garuruwa da yawa na ƙasar Madawa, da Buza, da Keita, mota guda ce ke ɗauke da gari duka. Ranar da ta tsaya, kowa sai ya ji a jikinshi.

To, mu ce motar taka ce, ko ta ƙungiyarku. Kun taso daga Buza da kaya, kuna gangarowa Madawa, taya ya fashe, ko jaki ya gitta, mota ta bar hanya ta bugi dutse. Ga ta nan gaba ya lotse. Wani zai ce maka a gyara. Wani zai ce ka rabu da ita. Dillali zai zo da tashi magana, makaniki da tashi. Kowannensu yana da abin da zai samu. Amma kuɗin naka ne, kuma in anka yi kuskure, gonarka da bisashenka ne za su biya. Saboda haka kada ka yanke shawara da ido, kada ka yanke da zuciya. Ka yanke da igiyar awo da takarda. Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, yau ranar amfanin alƙalaminka ce.

1. Abin da za ka fara yi

Mutane su ne farko. Wanda ya ji rauni a kai shi likita mafi kusa, ko ta Madawa, ko ta Buza, ko ta Keita, ko asibitin Galmi. Ƙarfe yana jira, jini ba ya jira.

Na biyu, in da wata mota cikin hatsarin, ko an taɓa mutum, ko dabbar wani, a kira jandarma su zo su duba, su rubuta takardar shaida. Kada ka gusar da motar kafin su zo, sai in ta tare hanya har tana iya jawo wani hatsarin.

Na uku, ka sanar da kamfanin inshorarka da sauri. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da sunka sa hannu a yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yaunde cikin 1992, dokar kuwa ta fara aiki a 1995. Bisa wannan doka, wa'adin da kamfani ke ba ka don sanarwa ba ya kasa kwana 5 na aiki. Duba takardarka ka ga kwana nawa anka rubuta, kada ka bari su wuce.

Ga abu biyu da mutane da yawa ba su sani ba sai ranar kuka. Inshorar dole, wadda jandarma ke tambaya a hanya, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan gyaran motarka. In kuwa mai ɗayar motar ne da laifi, kamfaninshi ke biyan ka, amma ba zai wuce darajar motarka a ranar hatsarin ba. Tsohuwar mota, kuɗin tsohuwar mota za a ba ka. Kuma kada ka fara gyara kafin mai ƙiyasta ɓarna na kamfanin ya zo ya gani da idonshi. In ka gyara, ka shafe shaidarka da hannunka.

2. Kada bodi ya ruɗe ka

Mota kamar rumbu take. Rumbu yana da jinka a sama, yana da duwatsu da itatuwa a ƙasa. In iska ta yaye jinka, kwana biyu an gyara. In itatuwan gindi sunka karye, ko jinka sabuwa ce rumbun ya tashi aiki.

Bodin mota shi ne jinka: ƙofofi, marfin inji, gilashi, fitilu, akwatin baya. Shi ke ba mutum tsoro in ya lotse, amma mai gyaran bodi yana buge shi, ana kuma samun na hannu a saka. Gindin mota shi ne shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da sunka miƙe daga gaba har baya, waɗanda inji da sifirin da tayoyi ke rataye a jikinsu. A wasu motoci ƙarfen gaba haɗe yake da ɗakin direba, shi ya sa in gabansu ya shige ciki aikin ya fi wuya.

Akwai motar da za ka gani ta yi kaca-kaca, amma shasinta lafiya lau. Wannan tana gyaruwa. Akwai wadda fitila ɗaya ce kawai ta fashe, amma shasinta ya murɗe. Wannan ko an shafa mata sabon fenti, za ta riƙa cinye taya ta gefe guda, tana ja hagu ko dama, tana karya sifirin, har ranar da za ta sake barin hanya da mutane a bayanta.

3. Gwaji huɗu da kai kanka za ka iya yi

Ka sa a jawo motar wuri mai daidai, ba tudu ba gangare. A miƙe tayoyin gaba. Ka nemi mitar awo irin ta magina, ko igiyar da ba ta miƙewa.

Gwaji na 1. Auna daga tsakiyar tayan gaba zuwa tsakiyar tayan baya a hannun dama. Rubuta. Auna a hannun hagu. Rubuta. Ya kamata su zo ɗaya. In bambancin ya kai faɗin yatsa, akwai magana.

Gwaji na 2. Shiga ƙarƙashin motar. Zaɓi ƙusa ko huda ɗaya a gaban ƙarfen dama, da ƴar'uwarta a gaban ƙarfen hagu. Yi haka a baya. Ɗaura tsakuwa a zare, ka saukar daga kowace ɗaya, ka yi alama a ƙasa. Alama huɗu ke nan. A tura motar gaba. Sai ka auna a gicciye: gaban dama zuwa bayan hagu, gaban hagu zuwa bayan dama, kamar yadda magini ke gwada kusurwar ɗaki. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shasi ya karkace.

Gwaji na 3. A share rairayi ya yi sumul, a tura motar a miƙe ta bi ta kai. Dubi sawun. In sawun baya ya goce gefe guda ya bar na gaba, motar tana tafiya a karkace irin ta kare.

Gwaji na 4. Ɗauki tocila da ƙaramar guduma, ka bi ƙarafan shasi daga gaba zuwa baya. Nemi wurin da fenti ya tsage, ko ƙarfe ya yamutse, ko tsohuwar walda. Ƙwanƙwasa inda ka ga tsatsa. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara ras. Wanda tsatsa ta ci yana ƙara a dushe, wani lokaci ma guduma ta huda shi.

Ka lura da wannan. In gwaji na 1 da na 3 sun nuna karkata, amma na 2 ya zo daidai, watakila ƙusar tsakiyar sifirin ce ta karye, ƙafar baya ta gusa. Wannan ƙaramin aiki ne. In lanƙwasar a can bakin shasi take, inda ƙarfen gaba ke ɗaure, gwanin walda yana iya miƙewa ya ƙarfafa. Amma in tsakiya ce ta lanƙwashe, ko wurin da sifirin ke rataye, ko wurin da akwatin sitiyari ke zaune, to gindin rumbu ya karye. Ƙarfen da anka gasa ya yi ja kafin a miƙe shi ba ya komawa da ƙarfinshi na da. Hanyoyinmu kuwa na Adar, da duwatsu da ƙoramu, ba su raga wa ƙarfe mai rauni.

4. Inji, sitiyari da birki

Tambayi direba gaskiya tsakaninshi da Allah: bayan tankin ruwa ya fashe, inji ya ci gaba da aiki? Injin da ya yi aiki ba ruwa yana iya ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Zaro sandar awon baƙin mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba mashi madara, ruwa ya shiga, gyara babba ne. In an ta da inji, dubi hayaƙi. Shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Fari wanda ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga. Wannan duka kuɗi ne da za ka ƙara cikin lissafi.

Sandunan sitiyari da sunka lanƙwashe, ba a miƙe su, sakewa ake yi. Bututun birki da ya matse ko ya tsage, sakewa ake yi. Babban ganyen sifirin da ya karye, ba a yi mashi walda. Duk makanikin da ya ce zai rage maka kuɗi a waɗannan wurare uku, ran mutane yake ragewa.

Kuma kada ka tsaya ga bakin makaniki ɗaya. Kai biyu su duba, kowa daban. Kowa ya faɗa, kai ka rubuta: sunan kaya, kuɗinshi, kuɗin aiki, da ranar gamawa.

5. Ana samun kayan gyaranta?

Tsufan mota ba shi ne aibunta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin tambaya shi ne, in wani abu ya lalace gobe, ina za a samo shi, kuma wa ya iya saka shi?

Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960. Bashe ta 504 ta fito a 1979. Kamfanin Peugeot ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, shi ya sa kayan Pijo sunka cika kasuwannin ƙasar Hausa shekara da shekaru. Amma an daɗe da daina ƙera waɗannan biyu, kayansu na asali sai raguwa suke. Toyota Hilux kuwa ta fara fitowa a 1968, har yanzu ana yin ta, sai dai iri-iri ce, kayan wannan ba ya shiga waccan. Kafin ka ce a gyara, aika a tambayo maka kayan a Konni, da Maraɗi, da Sakkwato, har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in ta kama. Kuma a tantance maka: sabo ne na asali, ko na hannu ne, ko jabu.

Kada ka yi lissafi da kuɗin da ka sayi motar shekarun baya. Kuɗin ƙarfe yana bin abin da ke faruwa a duniya. A Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle. A 2023 anka rufe iyakar Nijar da Benin, motoci da kayan da ke biyowa ta Kwatano sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Saboda haka kuɗin yau za ka tambaya, a bakin mutum biyu ko uku.

6. Lissafi a takarda

Yanzu ɗauko takarda. Lambobin nan misali ne kawai don koyo, kai za ka sa naka. Muna ƙidaya da jikka, wato sefa 1.000.

Mu ce shasi lafiya yake. Ga shafin gyara:

Kayan gyara: jikka 520
Kuɗin aiki: jikka 230
Jawo motar zuwa gareji: jikka 50
Jimla: jikka 800

Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, domin in an buɗe mota kullum sai an tarar da abin da ba a gani ba: jikka 200. Sannan motar za ta yi sati 5 a gareji. In a sati tana bar maka jikka 40 bayan an cire mai da kuɗin direba, ka yi asarar jikka 200. Gyara duka ya tashi jikka 1.200. Bayan gyara, in ka kai ta kasuwa, mu ce za a saya jikka 2.100.

Ga shafin sakewa:

Wata mota ta hannu irinta: jikka 2.500
Takardu, tayoyi da gyaran farko: jikka 300
Sati 2 na nema: jikka 80
Jimla: jikka 2.880

Cire abin da za a ba ka in ka sayar da mai hatsarin yadda take, mu ce jikka 700. Saura jikka 2.180 da za su fita daga aljihunka.

Gyara 1.200, sakewa 2.180. A nan gyara ya fi, kuma motar da ka san halinta ce.

To, mu ce shasi ya murɗe a tsakiya. Kaya da aiki sun kai jikka 1.400. Kashi ɗaya cikin huɗu, jikka 350. Sati 8 a gareji, jikka 320. Jimla jikka 2.070. Bayan duk wannan, kowa a tasha ya san labarinta, ba mai sayen ta sama da jikka 1.500. Dubi da kyau. Ka kashe 2.070 ka samu karkatacciyar mota ta 1.500, ko ka kashe 2.180 ka samu mota ta 2.500. Bambancin jikka 110 ne kawai. A nan sai ka rabu da ita, ko da ita ce ta aurar da ƴaƴanka.

Ga ƙa'idar da za ka riƙe. Ɗauki kuɗin da motar za ta yi bayan gyara, cire kuɗin da za ta yi yanzu a lalace. In abin da ya rage ya fi kuɗin gyara, gyara. In bai kai ba, sayar. A misali na farko, 2.100 a cire 700, saura 1.400, ya fi 1.200. A na biyu, 1.500 a cire 700, saura 800, bai kai ko rabin 2.070 ba.

7. In za ka sayi wata

Sayen nagari mai da kuɗi gida. Motar da za ka saya, watakila ita ma wani ne ya yi hatsari da ita ya shafa fenti. Ka yi mata gwajin nan huɗu a gaban mai ita. In ya ƙi, ka tafi abinka.

Karanta lambar da anka buga a jikin shasi, ka gwada da wadda ke cikin takardar motar, harafi da harafi. In ba su zo ɗaya ba, kada ka ba da ko dala. Wannan ma shi ne haɗarin sake wa tsohuwar mota shasi: lamba ta bambanta da takarda, ka shiga wahala a kowane shinge. In motar daga waje ta shigo, nemi takardar duwan. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a mai da sunanka a takardun.

Ka yi tunanin wanda zai riƙa gyara maka ita. Yawancin motocin da anka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau suna da kwamfuta a inji. Ba su shan mai da yawa, amma ba su son gurɓataccen mai, kuma in sun tsaya sai an kai su babban gari inda ke da na'urar bincike. Motar da makanikin Karofan ko na Tamaske ya san cikinta ta fi maka wadda sai an ja ta zuwa Tawa ko Maraɗi.

8. Ina kuɗin za su fito?

Nan ne mutane ke faɗuwa. Garin neman gira, kada a rasa ido. Kada ka sayar da gona don mota. Kada ka sayar da shanun huɗa, ko injin ban ruwa, ko hatsin da iyali za su ci da damina. Mota tana tsufa tana raguwa, gona tana nan har jikoki.

Dubi watan da kake ciki. Wajen Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cire albasa, kuɗinta a ƙasa yake. Wanda ya iya ajiye ta cikin rudu ƴan watanni ya kan sayar da daraja. In ka kwashe albasarka duka a lokacin araha don ka biya gareji, ka yi asara biyu. Haka in ka ci bashin da za a biya da albasar baɗi tun tana gona.

Akwai hanya ta uku, kuma ba abin kunya ba ce. Ka sayar da mai hatsarin, ka ajiye kuɗin ko ka sa su cikin turka, ka yi shekara guda kana hayar motar wani, amalanke kuma tana kwaso kaya daga fadama zuwa bakin hanya. In kaka ta yi kyau, sai ka saya ba bashi. Ko ku haɗa hannu ku uku ko huɗu, amma a rubuta rabon kowa, da wanda zai riƙe littafin shiga da fita, da yadda za a yi in ta sake lalacewa.

Ko ka gyara ko ka sake, ka tuna abin da ya kawo hatsarin. Ƙaramar bashe kusan tan ɗaya anka yi ta ta ɗauka, wato kilo 1.000. Babban buhun albasa ya kan wuce kilo 100. Buhu 10 sun riga sun cika ta, tun ba a hau da mutum ko ɗaya ba. Abin da ya wuce haka, taya da birki da shasi ke biya. Kuma daga yau, duk sati ka ware wani abu daga abin da mota ta kawo, ka ajiye mata. Ranar tsiyarta, shi zai tashe ta.

Tambayoyi don tattaunawa a wurin karatu

1. Mene ne bambancin bodi da shasi? Wanne ne in ya lalace ya fi hatsari?
2. Inshorar dole, ɓarnar wa take biya?
3. Mota za ta yi jikka 1.800 bayan gyara. Yanzu a lalace ana sayen ta jikka 600. Gyara duka jikka 1.500 ne. A gyara ko a sayar?
4. Motar da ke kai kayan garinku kasuwa, buhu nawa ake ɗora mata? Ku lissafa kilo nawa ke nan.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman direbobi da yaran mota. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka cikin abin da munka noma. Sai darasi na gaba.